Sati Shida, In Ji Na'ura

Masu aiko mini saƙo kuna tambayar ina na shiga, ku yi haƙuri. Ba fushi na yi ba, wayar ma lafiyarta ƙalau. Gajiya ce, irin wadda ko yatsa mutum ba ya son ɗagawa. Yau na ɗan ji dama, na jingina da filo, na ce bari in sauke muku abin da ke raina ko zan samu sauƙi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rufaida. 'Yar Cadawa ce ni, aure ya kai ni Gazawa shekara uku ke nan. Mijina Bilyaminu makanike ne a Agadas, zuwansa gida bai wuce sau uku ko huɗu a shekara. Ina zaune gidansu tare da mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, da ƙanwarsa Barira da ake shirin bikinta bayan kaka. Bara na yi ɓari, cikin wata uku. Tun daga nan duk wadda ta shigo gidan, cikina take fara gaisarwa da ido kafin ta kai ga fuskata.

Bilyaminu ya zo Babbar Salla. Ya kawo mini leshi ruwan zuma da turaren da ya san ina so, kuma kamar kullum shi ya gasa hanta da hannunsa, ya ɓoye mini rabona a ƙaramin kwano ƙarƙashin gado don kar Barira ta gani. Da aka gama suyar nama ya koma bakin aiki. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya: tun bayan Salla bai sake tako Gazawa ba.

Da wata ya wuce ban ga al'adata ba, na aika aka sayo mini abin gwajin ciki a farmasi, wato kantin magani. Layi biyu. Na ɗauki hoto na tura masa. Bokal ɗin, wato saƙon muryar da ya maido mini, har yanzu yana cikin wayata: ƙarar guduma a bayansa, shi kuma yana dariya yana jan hanci, yana cewa, "Rufa, kin tabbata? Sake dubawa. A'a, kar ki tashi, zauna inda kike." Daga ranar ya raɗa wa cikin suna Baƙo. Kullum da safe saƙonsa ke tashe ni: ya Baƙo ya kwana?

Inna ta karɓe mini taɓarya, ta hana ni jan guga. Ko tsintsiya na ɗauka sai ta ce, "Aje, ɗiyata, gidan ba ya gudu." Na yi ta amai, na tsani warin daddawa, na koma ba abin da nake so sai ɗanyen mangwaro da gishiri, ga shi lokacinsa ya wuce. Wahala ce, amma ina jin daɗinta.

Sai wata safiya na tashi garau. Ba tashin zuciya, ba jiri. Na sha kunu kofi biyu, Barira na yi mini tsiya. Kwana kaɗan bayan haka na ga ɗan jini a zanena, ba ja ba, kamar ruwan goro da ya bushe. Na daɗe tsaye a makewayi ina kallonsa. Na san wannan launin. Da shi na bara ya fara.

A likita, wato asibitin unguwarmu, sajfam, ungozomar wurin, ta duba ni ta ce in tafi garin Agye a yi mini ekografi, wato hoton ciki. Washegari na sa atamfata kore mai zanen ganye da hijabi baƙi, Barira ta raka ni. Damina ta yi kyau bana, gero ya rufe hanya dama da hagu har ya fi mutum tsawo, amma ni ban ga kyansa ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai in dafe mara.

Da muka isa, wurin cike yake da mata da yara masu zazzaɓi. Aka ce in sha ruwa da yawa kar in yi fitsari. Muka zauna a benci har ƙafafuna suka yi tsami, Barira na ta nuna mini hotunan gadaje a wayarta, wai in taya ta zaɓe. Da aka kira ni ta biyo ni ciki, ta tsaya bakin labule rungume da jakata.

Mai na'urar ya shafa mini wani abu mai sanyi a mara, ya dinga dannawa yana kallon allo. Ya daɗe. Na yi lakol, wato makarantar boko, har aji huɗu na kolej, ina jin Faransanci daidai gwargwado, don haka da ya juya ya yi magana ƙasa-ƙasa da sajfam ɗin wurin, wata dattijuwa mai tabarau da ake kira Madam Rukayya, na tsinci abu biyu: sati shida, da kuma ba a ga zuciya ba.

Madam Rukayya ta miƙo mini tsumma in goge, ta jawo kujera kusa da ni.

"Cikin yana nan a mazauninsa, ba a waje yake ba, wannan abin godiya ne," ta ce. "Amma ƙarami ne, girman na sati shida. Kuma ba mu ga bugun zuciya ba."

"Ya mutu ke nan?"

"Ban ce ba. Abu biyu ne. Ko dai cikin sabo ne, ƙirgarki ce ta yi gaba, zuciyar ba ta kai ga nunawa ba tukuna. Ko kuma ya tsaya da girma tun baya. Hoto ɗaya ba ya raba wannan gardama. Sai an sake bayan kwana goma."

"Madam, maigidana ya tahi tun bayan Babbar Salla."

"Mata da yawa suna kuskuren ƙirga, ɗiyata, kar ki..."

Sai ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke bango, ta dawo da ido kaina. Ta dafa gwiwata kawai ta ce in huta, kar in ɗauki nauyi, in jinin ya ƙaru ko ciwo ya taso kar in jira randebu, wato ranar da aka sa mini in koma.

Ku da kuke karatu, ku taya ni lissafin, don ni a kan gadon nan na gama shi. Wata biyu da 'yan kai rabona da mijina. Ba yadda za a yi cikina ya zama sabo. Ƙofa biyu Madam ta nuna mini, amma ni na san ɗaya a toshe take.

A tasha muna jiran mota ta cika, Barira ta sayo mana dafaffiyar gyaɗa. Tsakanina da ita akwai wasa irin na matar wa da ƙanwar miji, ba ranar da ba ma tsokanar juna. Ta ga na yi shiru, ina jin so ta yi ta sa ni dariya.

"Ke matar Yaya, sati shida? To ta Watsap ya turo maki shi?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Ina kallonta ta fara lanƙwasa yatsu a kan cinyarta, ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki. Dariyar ta bushe a fuskarta. Har muka iso Gazawa ba ta sake nuna mini hoton gado ba.

Da la'asar na shiga ɗaki na saki labule na kira Bilyaminu. Na gaya masa komai yadda aka gaya mini, ban rage ba.

"Sati nawa suka ce?"

"Shida."

"Shida," ya maimaita.

Na ji an kashe wani inji a bayansa. Na jira ya ce Rufa kar ki damu, ko ya ce na'urar banza ce, ko ya yi kuka ma, duk zan ɗauka.

"To. Allah shi sa mu ji alheri. Ana kirana, zan neme ki."

Bai neme ni ba. Washegari ba a tambayi yadda Baƙo ya kwana ba. Na tura gaisuwa, alamar ta yi shuɗi, ba amsa. Na ce ƙila rezo ne, layin waya ba kyau, ƙila aiki ya yi masa yawa. Da yamma na ga ya sa hoton wata mota da ya gyara a status ɗinsa na Watsap. Daga baya na gane Barira ta tura masa hoton takardar ekografin tun muna cikin mota, har da wasan nata a ƙasa da 'yar fuskar dariya. Ban ce mugunta ta yi ba. Barira bakinta ke riga hankalinta, haka take tun da na san ta.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Magana ta fita, ban san ta wace kafa ba. Matan makwabta suka dinga shigowa duba ni, kowacce da nata lallashin.

"Kwantar da hankalinki, ƙila sabon shiga ne."

"Haka aka yi wa ɗiyar ƙanwata, ashe ita ta ɓata ƙirga. Ga yaron nan yana gudu."

Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa. Wasu kuma in sun faɗa sai su tsaya suna kallon fuskata, su ga abin da za ta yi. Duk wadda ta ba ni fata, tuhuma ta miƙo mini, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ni kuwa sai in ce amin, in gode, in gyara kwanciya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. In na yi sujada sai in rasa abin da zan roƙa. In ce Allah ya sa a ga zuciya tana bugawa? In aka gan ta kuma aka ce cikin sabo ne, da wane baki zan yi bayani, alhali ban san komai ba? In ce Allah ya wanke ni? Wankuwata ita ce a ce ɗana ya mutu. Wace uwa ce za ta ɗaga hannu ta roƙi wannan? Daga ƙarshe na koma cewa, ya Allah, ka sa na'urar ce ta yi ƙarya, ka sa a ga Baƙo da girmansa daidai watanninsa. Na san da wuya. Amma ita kaɗai ce addu'ar da bakina ke iya ɗauka.

Inna ba ta ce mini komai ba duk tsawon kwanakin. Tana kawo mini fura, tana ɗumama mini ruwan wanka, amma shirunta ya fi maganar makwabta tsorata ni. Ran nan da hantsi tana tsinkar zogale a inuwar bishiyar bedi, ta kira ni in zauna kusa da ita. Na ɗauki reshe zan taya ta, ba ta hana ni ba.

"Wancan yana kiranki?"

Bilyaminu ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa.

"Aiki ya yi mashi yawa, Inna."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da tsinka, ganyen na zuba a faifai.

"Kahin in same shi, huɗu suka zube mani. Na ukun wata guda na yi ina yawo da shi ba rai, ban sani ba. Sai dai na ga amai ya ɗauke, jikina ya yi sakayau. Ranar da na gan ki kin sha kunu kofi biyu, na tuna da nawa. Ban so in faɗa maki ba."

Hawaye suka fara ɗiga a kan zogalen da ke cinyata.

"Ni ma na ƙirga watannin, Rufaida. Kowa ya ƙirga. Amma shekara uku muna kwana gida ɗaya muna tashi, ban ga abin da zai sa in ƙirga maki wani abu ba. Ba Agye za mu koma ba, Maradi za mu, wurin likitar mata. Kuma ni zan kai ki."

Na kifa kaina a gwiwarta kawai, ta bar ni har na gama kuka.

Ranar randebu muka kama motar farko. Inna ta sa shuɗin zanenta na zuwa suna, ta ƙulla goro a bakin gyale, ta riƙe mini gorar ruwa kamar wata ƙaramar yarinya za ta kai lakol. A Maradi dokta mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ce wannan karon ta ƙasa za a duba, ya fi nuna gaskiya. Na kwanta ina kallon silin, ina jin sanyin ɗakin har ƙashina. Ba ta daɗe kamar na Agye ba. Ta juyo da allon wajena.

"Kin ga nan? Shi ne. Girmansa bai ƙaru ba daga wancan hoton, kuma zuciya ba ta bugawa. Ya kai wata guda da tsayawa, jikinki ne bai sake shi ba. Ki yi haƙuri."

Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, a kwance a gefen wani baƙin da'ira. Na kalle shi sosai, don na san ba zan sake ganinsa ba.

"Wani abu na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ba daka ba ce, ba mota ba ce, ba abin da kika ci ba ne. Yawanci tun wurin haɗuwarsa ne bai haɗu daidai ba. Tunda wannan na biyu ne, in kin warke ki dawo mu yi bincike. Mata da yawa sun yi biyu, sun zo sun haihu lahiya."

Ta ce ko in jira ya fita da kansa, ko a ba ni magani, ko a yi wankin ciki. Na zaɓi magani. Ta yi mini bayanin yadda zan sha da irin jinin da zan gani, ta ce in zauna kusa da likita, kuma kar a bar ni ni kaɗai.

Da muka fito Inna ta karanta a fuskata, ba ta tambaya ba. Muna zaune a bencin waje wayarta ta yi ƙara. Wayar Inna irin mai maɓallan nan ce, in ana magana har na nesa yana ji. Barira ce.

"Inna, mi suka ce?"

"Ya koma. Sun ce ya kai wata guda da tsayawa."

"Wata guda? To ashe tun na Salla ne. Alhamdu lil..."

Ta haɗiye sauran. Inna ta kashe wayar, ta tura ta can cikin jaka. Ba wadda ta dubi wata a cikinmu.

Ban ji haushin Barira ba, wallahi. Abin da ke zuciyar mutane da yawa ne ya kuɓuce daga bakinta. An wanke ni. Abin da aka wanke ni da shi kuma yana kwance a marata, ina ɗauke da shi zuwa tasha.

Mun baro Maradi kaɗan sai wayata ta yi motsi a cinyata. Bilyaminu. Kwana goma ba ko gaisuwa, yanzu ga saƙo har uku a jere.

"Rufa, Barira ta gaya mini."

"Ki yafe mini shirun da na yi. Kaina ne ya ɗaure, na rasa abin da zan ce."

"Gobe zan kamo hanya. Allah ya ba mu wani."

Na karanta, na sake karantawa. Wannan mutumin ne ya yi shekara biyu yana zirga-zirga a kan babur tsakanin Gazawa da Cadawa saboda ni, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi. Shi ne ya kwana zaune a bakin gadona bara. Ina son shi, ba zan yi muku ƙarya ba, ko a cikin motar nan ina son shi. Amma ya san ni kafin na'ura ta san ni. Ya jira sai da ta yi magana sau biyu kafin ya tuna ko ni wace ce. Kwana goman da na fi bukatar mutum ɗaya a duniya, mutumin yana can yana lissafi.

Na kife wayar.

Daga Maradi in za ka Gazawa, sai ka ratsa Cadawa. Da na hango rumfunan bakin gudron, wato titin kwalta, da matan da ke tallar aya, bakina ya riga ni yanke shawara.

"Direba, akwai mai sauka."

Inna ta juyo ta dube ni. Na zaci za ta ce mutane za su yi magana, ko ta ce in bari mu isa gida tukuna. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ciro ledar maganin daga jakarta ta sa mini a hannu, ta gyara mini hijabina da ya karkace.

"Ki gaida iyarki. Ki ce mata ina nan tahe jibi." Sai ta ƙara da cewa, "In wancan ya iso, mi zan ce mashi?"

"Ya san hanya, Inna."

Ta gyaɗa kai. Motar ta tashi da ita, ni kuma na hau kabu-kabu zuwa gidanmu, ina ce wa mai babur ya tafi a hankali, duk da ba sauran abin da nake karewa.

Abin da ya biyo baya ba zan zayyana muku shi ba. Wadda ta taɓa sha ta sani, wadda ba ta taɓa ba Allah ya tsare ta. Iyata ta riƙe ni, Inna ta zo kamar yadda ta ce, da kaza biyu da garin kunu, suka zauna su biyu a bakin ƙofata suna hira ƙasa-ƙasa kamar ba surukai ba. Jinin ya ja baya yanzu. Ina cin abinci. Bilyaminu ya yi ta kira, ina kallon sunansa yana haske har ya mutu.

Ɗazu, ina tsakiyar rubuta muku wannan, Iya ta ɗaga labule. Ta ce Bilyaminu yana zaure tun azahar, da jakarsa a kafaɗa, ko Gazawa bai biya ba. An shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, an kai masa ruwa bai taɓa ba. Ya ce a gaya mini ba sai na fito ba, yana so dai in san yana nan.

Iya ta ɗauko hijabina daga kan ƙusa ta ajiye a gefen katifa, ba ta ce in sa ba, ba ta ce kar in sa ba, ta fita.

An kira la'asar yanzu. Daga nan ina jin tarinsa.